Bokitin Auren Sala

Duk wanda ya je bikin Sala da Naziru ya koma gida da bokiti. Ba sabon abu ba ne a unguwar Nima. In ana aure sai an raba wa mutane abin tunawa, wani kofi, wani maficin roba, da hoton ango da amarya manne a jiki. Amma na mutane hoton takarda ne, wanki biyu ya ɓare. Shi kuwa Naziru aikinsa ke nan, buga hotuna a jikin riguna da allunan kanti, don haka ya ce nasa ba zai zama irin na kowa ba. Ya samo wani fenti mai shiga cikin robar kanta, ya buga fuskarsa da ta Sala a jikin shuɗin bokiti ɗari biyu, ya tsaya gaban abokansa yana bugun ƙirji wai hoton nan zai yi shekara ashirin bai goge ba. Game da fentin gaskiya ya faɗa. Auren ne bai kai shekara huɗu ba.

A shekara ta biyu ya tafi Italiya nema, ya bar Sala a gidan mahaifiyarsa, Mma Memuna, can cikin wani lungu bayan babban gwatan ruwan da ya raba Nima da Mamobi. Kira ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har wata Laraba da rana saƙon murya ya shigo wayarta. Bai cika minti ɗaya ba, kuma har da gaisuwa a ciki kafin ya ce ya sake ta.

Sakin ya yi mata ciwo, amma ba shi ne ya fi tsaya mata a wuya ba. Sala sunan mahaifiyar Mma Memuna ne, saboda haka tsohuwar ba ta taɓa furta sunan surukarta ba, sai dai ta ce "Uwata". Uwata zo ki ci, Uwata kin gaji ki huta. Kullum da asuba Sala ce ke sirka mata ruwan alwala, ita kuma ta ajiye mata ƙosai mai zafi a ƙarƙashin murfi. To, ranar da idda ta cika Sala ta fito da akwatunanta, wannan matar tana zaune a tsakar gida tana tsince wake, ta ba ta baya. Ba ta ce tsaya ba, ba ta ce Allah ya kiyaye ba. Sala ta yi sallama sau biyu, ba ta ji komai ba sai ƙarar wake a cikin tire. Tun daga ranar ta yanke cewa uwa da ɗa bakinsu ɗaya, kuma ba ta sake bin lungun ba.

Sai dai barin gida ɗaya ba shi ne barin auren ba, tunda auren yana zaune a kowane gida. Sala mai ƙunshi ce, ita ke yi wa amare lalle, ba gidan da ba ta shiga daga Nima har Kotobabi. In ta durƙusa za ta wanke hannu, ga ta nan a jikin bokitin tana murmushi, kan Naziru jingine da nata. Mai koko a bakin masallaci a ciki take wanke kofuna. Mai wankin mota a ciki yake kaɗa sabulu. Wata rana ta ga an tara wa tunkiya dusa a ciki, tunkiyar na ci, ita kuma amarya na ta yi wa duniya dariya daga gefe. Ranar ta rantse ba za ta bar fuskarta kusa da tasa a hannun kowa ba a garin nan.

Ta soma bi gida-gida. Sai ta zo da sabon bokiti, ta gaisa, ta ce a yi musanya. Wasu su ba ta da tausayi, wasu da dariya, wasu sai sun ja mata rai wai nasu ya fi ƙwari. Zango kuwa, wato unguwannin nan na Hausawa, ba ya barin abu irin wannan ya wuce ba suna, nan da nan ta zama Sala Mai Bokiti. Ta gwada kankare hoton da wuƙa, ta gwada kananzir, fentin ya ce bai san zancen ba. Ƙonawa ba ta iya ba, wa zai ƙona fuskarsa? Sai ta riƙa cusa wani cikin wani tana jerawa a bayan ƙofa, a ɗakin da take haya, har suka kai rufi. Matar da ba ta son ganin Naziru sau ɗaya, ta kwana ta tashi da shi fiye da sau ɗari a ɗaki guda.

Wata takwas ta yi ba ta ƙara cin karo da ko ɗaya ba. Ta soma tafiya ba ta leƙen ƙasan tebur ɗin mutane. Sai ran wata Asabar da hantsi, tana kwaɓa lalle, ƙawarta Shifa ta kira.

"Cale, ƙawata, kina ina? Kin san gidan nan na Kawukudi, wanda ake kai kayan soyayyar da ta mutu?"

"Gidan Saki?" in ji Sala. Haka 'yan unguwa ke kiransa, ko da yake ba sunan da ke jikin allon ke nan ba.

"Shi. Bokitinki yana ciki. A kan tebur, an kunna masa fitila paa. Ƙanwata ta gani, ta ce mutane suna ta ɗaukarsa hoto."

Sala ta ajiye cokalin. Tana da amarya ƙarfe biyu a Kotobabi, lallen kuma in ya sha iska ya lalace, duk ta sani. Ta rufe kwanon, ta buɗe, ta sake rufewa. Ta ɗauki mayafi ta ajiye, ta ɗauki wani. Cikin bokitan musanya saura ɗaya, ja, ta sunkuce shi ta fita ba ta ko tuna ta kulle taga ba.

Ta tsaya jiran turoturo, motar haya, ta ga kamar ba za ta zo ba, sai ta kama tafiya da ƙafa. Motar ta zo ta wuce ta. Duk tsawon hanya tana jera sunaye a ranta. Ƙanwar Naziru ce, wadda dama ba sa ga maciji? Wani abokinsa ne da ke son ya ba mutane dariya? Ko shi da kansa ya aiko daga can, don a ce shi aka yi wa ba daidai ba? Kowane suna ta ɗauka sai zuciyarta ta ƙara tafasa, ƙafarta ta ƙara sauri. Wani mai babur ya taka birki dab da ita ya ce, "Sista, mutuwa kike nema?" Ba ta ko waiwaya ba.

Gidan yana bayan mahaɗar Kawukudi, saman wani shagon taya, tsohon ɗakin ɗaukar hoto ne. An hau matakala ashirin da wani abu, an iske dogon ɗaki mai farin fenti da fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Mai wurin, Anti Wadia, tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, doguwa, da tabarau rataye a wuya. Ta dubi Sala, ta dubi jan bokitin, ta sake duban fuskarta da kyau.

"Sannu da zuwa, 'yata. Cire takalmi ki shigo."

"Anti, ban zo kallo ba. Kayana na zo ɗauka."

"Yoo. Yana can ƙarshen ɗaki. Ba wata hanya sai ta tsakiya."

Haka dole ta bi ta cikin kayan mutane. Ta yi niyyar kada ta kalli komai, amma ido ba ya jin magana. Ga hular kwano ta babur, ƙarama, irin wadda ake saya wa mace. Ga atamfar yayi, wadda dangi ke ɗinkawa iri ɗaya ranar biki, an yanka ba a ɗinka ba, allin tela na nan a jiki. Ga makullin wani ɗaki a unguwar Malam, ɗaure da zare. Kusa da kowane abu an ɗaure tsohuwar wayar salula da igiya, domin Anti Wadia ta gane tun farko mutanen Zango ba sa rubuta baƙin cikinsu a takarda, sai dai su faɗa. Mai kawo kaya ya yi magana a ɗauka, mai kallo ya kara a kunne ya ji.

Wani dattijo mai jar hula na tsaye gaban wata wuƙar fawa, waya a kunne, yana ta gyaɗa kai. Da Sala ta zo wucewa ya ce, kamar da kansa yake, "Shekara talatin suna yanka tare a kasuwa, kan maganar da ba ta kai ta kawo ba suka rabu." Sala ta yi mamaki kaɗan. Ta ɗauka duk abin da ke nan na miji da mata ne, ko saurayi da budurwa.

'Yan mata biyu na tsaye a gaban teburin ƙarshe, ɗaya ta ɗaga waya tana ɗauka. Suka juyo, suka ga fuskar da ke jikin bokitin ta taho da ƙafafunta, ranta a ɓace. Sum-sum suka matsa gefe.

Bokitin ne, ba shakka. Shuɗin ya koɗe, an ɗaure mariƙin da wayar ƙarfe a gefe guda. Ga ta nan da gwaggwaronta na amarya da murmushin da yanzu take jin kunyarsa. Ta miƙa hannu za ta fizge, sai hannun ya tsaya a iska. Gefenta, inda kan Naziru ya kamata ya kasance, babu kowa. Wani fili ne fari-fari, robar ta sha gurza har ta yi laushi, ta kusa hujewa. Ita da ta gwada wuƙa da kananzir ta san wannan ba aikin yini ɗaya ba ne, ba na wata ɗaya ba.

"Wa ya kawo wannan?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

Anti Wadia ta riga ta iso bayanta. "Ba na faɗin suna. Ƙa'idar gidan ke nan. Amma ga waya."

"Ba na son jin komai. Ga sabo, ki ba ni wancan."

"Nan ba a musanya, 'yata."

Sala ta ajiye jan bokitin da ƙarfi. Ta taka zuwa taga, ta leƙa masu faci a ƙasa, ta dawo. Ta duba agogon wayarta, sha biyu da kwata. Ta ce a ranta ta ɗauka kawai ta fice, wace ce za ta tare ta, wannan tsohuwar mai tabarau? Ta sake komawa taga. A ƙarshe haushi ne ya sa ta ɗauki wayar, ba son sani ba. Tana so ta ji muryar maƙiyin don ta san ƙofar da za ta je ta buga.

Aka fara da tari. Sai ƙarar kujera, sai muryar Anti Wadia can nesa tana cewa a yi magana, ya fara ɗauka. Sannan wata murya ta ce, "To. Ni ban iya irin wannan ba."

Nan take Sala ta gane ta. Muryar da ta shekara uku tana tashinta sallar asuba ce.

"Wannan bokiti na auren ɗana ne," in ji Mma Memuna a cikin wayar. "Yarinyar ba zan faɗi sunanta ba, sunan uwata gare ta. Ɗana ya sake ta ta waya, ban san hawa ba ban san sauka ba, tare muka ji. Ranar da za ta tafi na kasa ɗaga kai. Me zan ce mata? Ni na je gidansu da goro na roƙo ta. Ni na ce wa ubanta ya ba ni amana. Da wane ido zan kalle ta? Ta yi mini sallama sau biyu, ina ji. Bakina ya ƙi buɗewa kraa, ko kaɗan."

Muryar ta ci gaba.

"Ɗana ne, ban tsine masa ba, ba kuma zan tsine ba. Amma ba na son ganinsa kusa da ita. Kullum in na gama alwala sai in ɗan goga da soson ƙarfe. Kaɗan-kaɗan ya fita. Sai na ji labari tana bi gida-gida tana karɓar bokitan. Na ce alhamdu lillahi, nawa ma za ta zo karɓa. Ni ba ni da fuskar zuwa wurinta, amma in ta zo da ƙafarta, ko a bakin ƙofa ne, zan samu in ce ta yafe mini. Na wanke shi na ajiye. Ta shiga gidan Hajiya mai masa, jikin katangarmu. Ta shiga gidan da ke kallonmu, ina jin muryarta. Kowane gida a lungun kusa ta shiga, ban da nawa. Shekara biyu ina jira."

Sala ta tuna ranar. Ta tuna yadda ta zagaya ta bayan masallaci don kada ta bi ta ƙofar, tana jin kanta jaruma.

"Yanzu na gane ba za ta zo ba, kuma tana da gaskiya. To kada ya zama saboda ni abinta bai cika ba. Na kawo nan, na san labari zai kai mata. In ta zo a ba ta, kada a wahalar da ita. Ba sai ta gan ni ba. Shi ke nan, kashe abin."

Wayar ta yi ƙit. Sala ta ci gaba da riƙe ta a kunne, tana sauraron babu. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ta ga tunkiya na ci a bokitinta. Shekara biyu tana ɗauke da fushin matar da ke zaune tana jiranta.

Anti Wadia ta kashe 'yar fitilar da ke kan teburin, ta ɗauki bokitin ta miƙa mata. "Kin ji da kunnenki. Naki ne. Wata uku ke nan da ta kawo, kowace Juma'a sai ta hau matakalar nan da ciwon gwiwarta ta tambaya ko kin zo."

"In ta zo Juma'a mai zuwa fa?"

"In ce kin zo kin karɓa."

Sala ta sauko da bokiti biyu, shuɗi a dama, ja a hagu. Abin da ta rantse a kai ya cika, ba sauran fuskarta a hannun kowa a Nima. Ta tsaya a mahaɗar Kawukudi tana jiran ta ji daɗin, daɗin bai zo ba. Kwandastoci na ta kiran Kotobabi, inda amarya ke jiranta. Ta sa ƙafa a mota ta fasa. Ta kama hanyar ɗakinta, ta yi tafiyar minti biyar, ta tuna jerin da ke bayan ƙofa, ta ga inda za ta cusa wannan a samansu, sai ta ji ba za ta iya ba. Ta kira Shifa ta ce ta je ta ba amarya haƙuri zuwa la'asar. Shifa na tambayar me ya faru, ta kashe.

Ta haye gadar gwatan. Ta kai bakin lungun ta wuce shi, kamar mai zuwa wani wuri. Ta je har wurin mai gyaran rediyo ta juyo, ta sake wuce shi. Hajiya mai masa na zaune a ƙofar gida tana kallonta tana kallon bokitan, ba ta ce komai ba, wanda a wurin Hajiya mai masa ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. A karo na uku Sala ta shiga.

Ƙofar langa-langar na nan yadda take, sai an ɗaga ta kafin ta buɗu. Hannunta bai manta ba. Mma Memuna na zaune a kan tabarma a inuwar katanga, ta rame, ta miƙe ƙafa ɗaya, ga wata 'yar roba ta fenti a gefenta da take alwala da ita yanzu.

"Salamu alaikum," in ji Sala.

Tsohuwar ta ɗago. Bakinta ya motsa, kamar wancan karon, ba abin da ya fito. Sala ta ga yadda take kokawa da shi, ta gane da ta tsaya ta zagayo ta gabanta shekara biyu da suka wuce, abin da za ta gani ke nan. Ta durƙusa har ƙasa.

"Mma, ina wuni."

"Wa alaikumus salam," in ji Mma Memuna da ƙyar, tana amsa sallamar farko. "Uwata. Kin karɓa?"

"Na karɓa." Sai Sala ta yi abin da ta saba yi a kowane gida. Ta tura jan bokitin gaba. "Ga sabo na kawo miki. Kowa na ba shi sabo."

Tsohuwar ba ta ko dubi jan ba. Idonta na kan shuɗin da ke bayan Sala, mai mariƙin waya, hannunta kuma ya ɗan taso daga cinyarta ya koma, kamar ta tuna ba ta da iko a kansa.

"Na gode," ta ce. "Allah ya yi miki albarka. Ajiye shi can."

Sala ta miƙe. Ta ɗauki jan ta kife shi a gindin katanga. Sannan ta ɗauki shuɗin ta nufi famfo, ta tara, ta shiga madafa inda ta san tukunyar ruwan zafi take, ta sirka, ta gwada da bayan hannu yadda ta saba. An soma kiran azahar a masallacin lungun. Ta kawo ta ajiye a gaban tsohuwar, ta juya shi yadda fuskar za ta kalle ta.

Mma Memuna ta sa hannu a ruwan, ta daɗe ba ta fitar ba.

"Za ki tafi da shi in na gama?" ta tambaya.

"A'a, Mma. Wannan a nan yake zama."